Korarrun Zangoma a Ƙofar Kuranda

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarki Anaruwa, damina ta sauka a Birnin Kuranda da wani irin sanyin hali da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Babu tsawa, babu guguwa. Ruwa yakan zo shiru ya yini yana yayyafi, har tafkin da ke gabashin birni ya cika ya taɓo gindin ganuwa. Kowace safiya wani farin tururi yakan tashi daga kan ruwan ya lulluɓe giginyu, sai a riƙa ganin kawunansu kaɗai suna lilo a sama kamar ba su da gindi.

A irin wannan safiya ce Sarkin Ƙofa ya ji waƙa tana fitowa daga cikin tururin. Waƙa ce ta mutanen da suka gaji, muryoyi da yawa a ƙasa-ƙasa, ba kiɗa. Ya hau kan ganuwa ya zuba ido. Da farko wata tsohuwa ce ta bayyana, doguwa, kanta fari fat, tana taka ƙasa da sanda. A bayanta akwai igiyar rama mai tsawo, mutane sun riƙe ta dama da hagu. Makafi na goye da guragu, guragun na faɗa musu inda za su sa ƙafa. Kutare sun naɗa igiyar a damtsensu saboda babu yatsun riƙewa. Ga kurame, ga zabiyoyin da rana ta ƙona musu fata, ga tsofaffin da hankali ya bar su suna ta murmushi. Sarkin Ƙofa ya yi ta kallo yana jiran ƙarshen igiyar, ƙarshen ya ƙi zuwa, har sai da mutum ɗari uku da wani abu suka tsaya a gaban ƙofa.

Aka kai tsohuwar gaban Sarki. Makauniya ce, sunanta Marka. Ta durƙusa ta fuskanci inda ta ji motsin mafici, ta ce, "Allah ya ja zamaninka. Daga Zangoma muke. Shekara uku fari ya cinye mana gero, sai bokayen Sarkinmu Ƙosau suka ce masa ƙasa ba za ta warke ba muddin akwai mai naƙasa yana shan ruwanta. Aka bi gida gida aka tattaro mu. Aka zuba mu a wani tsohon ramin kanwa, aka ce ranar da kogi ya kawo za a jefa mu cikinsa. Mun shiga mu ɗari biyar. Wani mai gadi da ban san sunansa ba ya bar ƙyaure a buɗe, ya ba mu wannan igiya. Kwana goma sha tara muna tafe. Ba mu zo roƙon abinci ba, Zaki, mun zo roƙon a bar mu da rai."

Sarki Anaruwa mutum ne mai jinkirin magana. Ya daɗe yana duban ƙafafunta da suka tsattsage, sa'an nan ya ce a sauke su a zangon fatake da ke kusa da ƙofar arewa, a dafa musu kunu, a kira masu magani.

Washegari wani abu ya faru da ya sa birni surutu. Duk shamuwar da suka yi sheƙa a kan soron fada suka tashi gaba ɗaya, suka yi kewaye uku a sama, suka je suka sauka a kan bishiyoyin zangon. Mata suka bar daka suka fito kallo. Wasu suka ce albarka ce ta bi baƙin, wasu suka ce sarauta ce ke shirin barin gidanta.

A rana ta huɗu jakadan Zangoma ya iso. Sunansa Tankari, bawan Sarki Ƙosau ne amintacce, siriri mai sanyin murya. Ya ajiye ƙwarya biyu a gaban karaga, ɗaya cike da gishiri, ɗaya cike da toka. Ya ce, "Ubangidana yana gaishe da ɗan'uwansa Sarkin Kuranda. Ya ce wasu kayansa sun ɓace, sawunsu ya shigo nan. In an mayar masa da su, ayarin gishiri zai riƙa zuwa Kuranda shekara goma ba a karɓar komai. In an ƙi, ga abin da zai rage na Kuranda." Ya nuna tokar da ɗan yatsa, ya ja da baya.

Aka fitar da shi, aka rufe ƙofar zaure, majalisa ta zauna.

Galadima Barmo ne ya fara magana. Dattijo ne mai kwarjini, shi ke riƙe da ƙasar yamma da ta yi iyaka da Zangoma. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Ba ni da ƙiyayya da waɗannan bayin Allah, jiya ma na aika musu da buhun dawa. Amma garuruwana bakwai ne a bakin iyaka, kowane da matansa da 'ya'yansa da gonakin da suka fara kai. Rundunar Ƙosau ta ninka tamu sau uku. In ya taso, ba wannan zauren zai fara ƙonawa ba, garuruwana zai fara. Me zan faɗa wa uwar da aka kashe wa ɗa? In ce mata ya mutu ne saboda baƙin da ba ta taɓa gani ba? Talakawan Ƙosau ne, Zaki. Abin da ya yi da su, shi da Mahaliccinsa. Kuma kowa ya ga tsuntsayen fada sun ƙaura."

Kaura Dogara, shugaban mayaƙa, ya gyara zama har takobinsa ya bugi ƙasa. Ya ce, "Ni ban san fassarar tsuntsu ba. Abin da na sani, wanda ya aiko da toka yau ya karɓi abin da yake so, baɗi ma zai aiko. In za a yi yaƙi a yi shi yanzu da ƙasa ke da taɓo, dawakinsa ba za su amfane shi ba."

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take tsaka. Sai aka ji gyaran murya daga can bakin ƙofa, inda Sarkin Makafi Cindo ke zama. Shekara ashirin yana zuwa majalisa, gaisuwa kaɗai yake yi ya koma gida. Ran nan ya miƙe, ya dogara sandarsa.

Ya ce, "Zaki, a ba ni izini. Tsuntsayen nan ban gan su ba, amma na ji su. Bayan zango akwai kududdufi, kwaɗi sun yi yawa, shi ya kai su." Aka yi 'yar dariya, ban da Galadima. Cindo ya ci gaba, "Ni da idona aka haife ni. Na riƙe baka a bayan mahaifinka a yaƙi biyu, sai agana ta zo ta ɗauke su cikin kwana bakwai. Ranar da na tashi cikin duhu, mahaifinka bai ce na zama kayan da za a zubar ba. Ya ba ni rawani, ya ce in riƙe masa 'yan'uwana. Duk wanda ke zauren nan yana da ido yau, yana da ƙafa, yana da yatsu goma. Babu wanda aka yi wa alkawarin zai kai su kabari. Galadima ya ce baƙi ne. To, jiya na je zangon na zauna da su. Na shafa fuskokinsu, ban ji bambanci da tawa ba. In an ba da su, roƙona ɗaya ne. A faɗa mini ranar da fari zai zo Kuranda, don in tara nawa mutanen da wuri, kada a sha wahalar bin mu gida gida."



Sarki Anaruwa ya sa aka dawo da jakada. Ya ce, "Ka gaishe mini da Sarkin Zangoma. Ka ce masa na duba zangon, ban ga kaya ba, mutane na gani. Daga yau doka ce a Kuranda, a kaina da kan wanda zai gaje ni: duk wanda ya shigo ƙofar nan yana gudun a kashe shi saboda halittarsa, ya zama ɗan gari, jininsa jininmu ne. Ɗauki ƙwaryarka duka biyu."

Sanƙira ya fita ya yi shelar dokar a kasuwa. Galadima Barmo ya yi mubaya'a tare da kowa, ya kuma nemi alfarmar raka jakada zuwa bayan gari kamar yadda al'ada ta tanada. Suka tafi a hankali ƙarƙashin yayyafi. Da suka isa gindin wata tsohuwar kanya inda ba mai jin su, Galadima ya tsaya.

Ya ce, "In Sarkinka ya sami abin da yake nema ba ta hannun Sarkina ba, zai bar garuruwana?"

Tankari ya dube shi da murmushi. Ya ce, "Ko kaza ba za a taɓa ba, ranka ya daɗe. Kuma da zarar an gama, zai juya da rundunarsa. Ba ƙasarku yake so ba."

Galadima ya daɗe yana kallon ruwan da ke gangarowa daga ganyen kanya. Daga bisani ya ce, "Ranar da aka fita fagen daga, ni za a bar wa gari. Akwai fadama a arewa da ake kira Fadamar Bado. Ku ajiye mutanenku a can."

Bayan kwana goma sha biyu 'yan leƙen asiri suka kawo labarin Ƙosau ya ƙetaro iyaka. Bai tsaya ƙona garuruwan yamma ba, abin da ya ba Kaura mamaki, ya miƙo sosai zuwa mashigin kogin da ke yamma da birni. Da hantsi aka buga tambari. Sarki Anaruwa ya fita da kansa, Kaura Dogara a gaba da dakaru da 'yan baka, aka bar Galadima da 'yan tsiraru su tsare gari.

Ƙurar tafiyarsu ma ba ta tashi ba saboda laimar ƙasa, sawunsu kaɗai ya rage. Galadima ya jira har sautin tambari ya yi nisa, sa'an nan ya nufi zango. Ya tarar da Sarkin Makafi a can yana koya wa baƙin saƙar igiya irin ta Kuranda. Galadima ya ce, "Sarki ya bar saƙo. In yaƙi ya ɓaci, nan za a fara nema. A tashi, zan kai ku wani tudu a arewa inda ba mai sanin kuna can."

Cindo ya karkata kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarki bai gaya mini ba."

"Ni ya gaya wa."

"To, zan bi ku. Ai yanzu mutanena ne."

Suka fita ta ƙofar arewa. Tururin ran nan bai watse ba ko da rana ta yi sama, ya kwanta a kan gonaki, dawa ta tsaya a cikinsa kamar jama'ar da ke jiran wani. Sun yi tafiya mai ɗan nisa sai Cindo ya ce, "Galadima, ƙafata ta san hanyar tudu. Wannan gangare ne." Galadima ya ci gaba da tafiya. Ƙasa ta fara laushi, ƙanshin bado ya cika iska, fararen furanni suka bayyana a kan ruwa har iyakar gani. A ɗaya gefen fadamar mutum ɗari biyar ne a jere, kowa da baka a hannu.

Rundunar Barde Nomau ce. Shekara biyu suna tsaron iyakar Zangoma ta arewa ba su ga gida ba, daga can aka kirawo su kai tsaye. Abin da aka faɗa musu shi ne za a kawo musu wasu mayu da suka cinye amfanin ƙasa, su harbe su. Tankari na tsaye kusa da Barde da dogarai goma na Ƙosau don ya ga an cika aiki.

Marka ta tsaya cak. Ta ji wani ya yi tari, wani ya yi wa ɗan'uwansa magana da irin karin harshen da ta tashi a ciki. Ta ce wa mutanenta, "Ku zauna. An dawo da mu."

Ba wanda ya yi kururuwa. Suka zauna a kan ciyawa mai laima. Marka ta ɗaga murya ta ce, "Wane ne babba a cikinku?"

Barde Nomau ya ce, "Ni ne."

Ta ce, "Ɗana, ba za mu gudu ba, ka ga ba mu da abin gudu. Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar kowannenmu ya faɗi sunansa da na garinsa. In kun koma gida wani ya tambaya, ku iya cewa a nan muka kwanta."

Tankari ya ce, "Barde, Sarki bai aiko mu sauraron magana ba."

Barde ya dubi mutanen da ke zaune. Ya sa ran ganin mayu, sai ga tsofaffi da guragu, ga wata mace zabiya tana shayar da jariri. Ya ce, "Su faɗa."

Marka ta fara. "Ni ce Marka ta Gungun Ɓaure. Shekara arba'in ina unguwarzoma kafin idona ya tafi. Babu gidan da ban yanke cibiya ba daga Gungu har Tudun Maƙera."

Na kusa da ita ya ce, "Ni ne Tunau maƙeri, na Tudun Maƙera, wanda ƙarfe ya ci wa ƙafa."

"Ni ce Cimma matar Sarkin Ruwa, daga Rafin Gawo."

Sunayen suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, suna ƙetare ruwa a hankali. Kurame aka faɗa musu nasu. Waɗanda hankali ya bari, maƙwabtansu suka faɗa. Ba a kai na talatin ba sai wani ɗan baka a tsakiyar sahu ya ce, "Inna?" da muryar da ba ta yi kama da ta mayaƙi ba. Ya saki bakansa ya faɗa ruwa, yana ture bado da ƙirji. Wani ya bi shi yana kiran Baba. Sahun ya fara rawa. Wasu suka tsaya a inda suke, sun kasa kunne, kowa na tsoron sunan da zai biyo baya.

Tankari ya ga abin zai kuɓuce. Ya daka wa dogaransa tsawa su harba. Sarkin Makafi Cindo ya ji ƙarar tsirkiya ana ja, sautin da ya sani tun yana saurayi. Ya miƙe tsaye a gaban Marka, ya buɗe hannuwansa, ya ce, "Ni ne Cindo, Sarkin Makafin Kuranda, waɗannan suna ƙarƙashin dokar..." Kibiya uku suka same shi a ƙirji. Ya zauna a hankali kamar wanda ya gaji, ya jingina da kafaɗar tsohuwar.

Kafin dogaran su ɗora wasu kibau, mayaƙan da ke kusa sun danne su a cikin taɓo. Aka ɗaure Tankari da rawaninsa.

Barde Nomau bai motsa ba. Ya ce a ci gaba da faɗin sunaye, ya saurara har na ƙarshe. Babu nasa a ciki, iyayensa sun daɗe da rasuwa, ba shi da kowa a Zangoma sai takobinsa da rantsuwar da ya yi wa Ƙosau. Ya tambayi Marka, "Ku nawa aka tara?"

"Ɗari biyar."

"Sauran fa?"

"Suna cikin ramin kanwa, ɗana. Waɗanda yunwa ta riga kogi."

Barde ya juya ya dubi mutanensa. Waɗanda suka sami nasu suna durƙushe suna kuka. Waɗanda ba su ji sunan da suke jira ba, su ne suka fi ba shi tsoro, don idanunsu sun bushe. Ya kwance layar sarauta da Ƙosau ya ɗaura masa a damtse, ya ajiye ta a kan ruwa. Ya ce, "Na rantse zan tsare Zangoma. Ga Zangoma nan zaune a ƙasa. Mai kiɗa, ɗauki gangarka."

Galadima Barmo na tsaye gefe, babu wanda ya kula da shi. Da mayaƙan suka wuce, ya zo ya durƙusa gaban gawar Cindo. Marka ta ce, "Kai ne wanda ya kawo mu?"

Ya ce, "Ni ne, Inna. Garuruwana nake..."

Ta ce, "Ba ni za ka faɗa wa ba. Ɗauki mutumin nan a bayanka. Kai ka san hanya, kai za ka mayar da mu."

Ya cire alkyabbarsa ya lulluɓe gawar, ya saɓa ta, ya shige gaba.

A can mashigin yamma kuwa, yaƙi ya ɓaci wa Kuranda. Tun azahar ake gwabzawa cikin taɓo. Sau uku Kaura Dogara yana mayar da mutanen Zangoma baya, a karo na huɗu mashi ya same shi a cinya aka ɗauke shi. Dakarun Kuranda suka yi ta ja da baya har ruwa ya kai musu gwiwa. Sarki Anaruwa ya sauka daga doki ya tsaya a cikinsu da garkuwa, jini na zuba daga goshinsa, bai san abin da ya faru a birninsa ba.

Sarki Ƙosau na zaune a kan tudu ƙarƙashin jar laima yana kallo. La'asar ta yi, rana ta leƙo karo na farko a ran nan, kogin duka ya koma launin zinariya. Sai ya ji ganga daga arewa, kiɗan da ya sani. Ya miƙe yana dariya ya ce wa fadawansa, "Barde ya gama aikinsa. Ku buɗe masa hanya ya zo ya rufe wannan ma."

Aka buɗe hanya. Mutum ɗari biyar suka fito daga cikin dawa a jere, jikinsu duk taɓo, suka tsaya a bayan tudun. Ba su yi gaisuwa ba, ba su yi kirari ba. Kibiya ta farko ta tsaga jar laimar ta kafe a ƙasa tsakanin ƙafafun Sarki. Ta biyu ta kayar da mai riƙe da laimar. Sama ta yi duhu da sauran.

Ƙosau ya ja da baya yana tuntuɓe da rigarsa. Ya kamo wani tsohon bafade ya ce, "Ta ina mutanen Kuranda suka zagayo? Kiban wa ne waɗannan?"

Tsohon ya sunkuya ya zaro wadda ta kafe a ƙasa, ya juya ta a hannu ya duba ƙirar bakinta.

Ya ce, "Namu ne, ranka ya daɗe."